Babi na Biyar: Abin da Aji Yake Koyarwa Bayan an Rufe Littafi

Tun daga 2007, lokacin da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fito da manhajar shekara tara ta ilimin bai-ɗaya, darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda ɗalibai suke kira sibik, ya samu gurbi a jadawalin makarantun Najeriya. Daga baya aka wajabta shi a babbar sakandare, har aka riƙa rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO. Saboda haka yaron da ya yi nisa a sakandare a Argungu ko Gulma ko Birnin Kebbi, in ya dace da malami mai zuwa aji, zai iya jero maka abin da ke cikin babi na huɗu na tsarin mulkin 1999: haƙƙin rayuwa, haƙƙin mutunci, haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, 'yancin addini, 'yancin faɗin albarkacin baki, da haramcin nuna wariya. Zai zubo su da Turanci, a jere, babu tuntuɓe. To amma tambaye shi inda zai kai kuka idan monita ya rubuta sunansa cikin masu surutu alhali bai buɗe baki ba, sai ka ga ya tsaya yana kallonka, domin a saninsa wannan tambayar ba ta da dangantaka da abin da ya haddace. A nan matsalar take. Yaro yana koyon haƙƙi ne daga irin mu'amalar da ake yi masa, kuma makaranta tana koyar da wannan darasi kullum daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi, ko ta sani ko ba ta sani ba. Idan abin da yake gani da ido ya saɓa da abin da aka rubuta masa a allo, abin da ya gani zai ɗauka ya tafi da shi gida.

Mu duba yadda wannan darasi marar littafi yake gudana. A ajin da benci bai wadata ba, akwai waɗanda suke zama a sama da waɗanda suke zama a ƙasa, kuma yara sun fi kowa sanin yadda aka yi rabon. Ɗan kansila da ɗan hedimasta ba su cika zama a ƙasa ba. Akwai wanda ake naɗawa monita shekara bayan shekara saboda girman jiki ko girman gida, a ba shi tsumagiya. Akwai shara da ɗibar ruwa da suke faɗawa kan 'yan mata kamar an saukar da su da sunansu, yayin da maza suke filin ƙwallo. Akwai gurgun da aka bari a bakin ƙofa saboda matakala, duk da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a farkon 2019. Sannan akwai wanda ya fi duka zafi, wato gorin asali. Ajin Argungu yana iya tara Bakabe da Bafillace da Bazabarme da Ba'are da ɗan Zuru da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, ya tara ɗan masunci da ɗan mahauci da ɗan maƙeri da ɗan sarauta. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da sana'o'i tsohuwar al'ada ce mai sanyaya zama, ba kuma ita nake nufi ba. Ina nufin kalmar da ake jefa wa yaro don a tuna masa kakansa bawa ne. Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa a Arewa bayan 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a 1936, amma har yau ana binciken asali idan an zo neman aure. A maƙwabta, sai a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Birnin Ƙonni. Sashe na 42 na tsarin mulkinmu ya hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Malamin da ya karantar da wannan sashe da safe, ya ji an yi wa yaro gorin bauta da rana ya yi dariya, ya goge da ƙafa abin da ya rubuta da hannu.

Akwai hujja daga waje da take ƙarfafa wannan. A 1999 ƙungiyar IEA mai auna ilimi ta gudanar da bincike kan ɗalibai kimanin 90,000 'yan shekara 14 a ƙasashe 28, kuma daga cikin abin da ya fito fili akwai cewa ɗaliban da suka ce ana barinsu su yi tambaya su kuma saɓa wa malami cikin natsuwa sun fi sanin darasin, sun kuma fi niyyar jefa ƙuri'a in sun girma. Ita kanta yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta haɗa abubuwan biyu: sashe na 42 ya ce a sanar da yara haƙƙoƙinsu, sashe na 12 kuma ya ce a ji ta bakinsu a duk abin da ya shafe su, gwargwadon shekaru da hankali. Mun ɗauki na farko domin yana da sauƙin sawa a jarrabawa, mun bar na biyu domin yana taɓa ikon manya.

Ƙorafin farko da ake ji, a majalisar dattawa da kan mumbari, shi ne cewa wannan duka kayan Turawa ne da aka shigo da su don a lalata tarbiyya. Bai kamata a yi wa masu wannan magana kallon jahilai ba, domin suna da abin nunawa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta zo da shekara 18 a matsayin iyakar ƙuruciya da wasu tanade-tanade kan riƙon yara waɗanda malamai suka ga sun ci karo da fiƙihu, shi ya sa jihohin Arewa da yawa suka yi shekaru suna jan ƙafa, Kebbi ma sai a zamanin Gwamna Atiku Bagudu ta samu tata dokar. Mutane kuma suna ganin yadda manyan ƙasashen da suka fi kowa wa'azin haƙƙin ɗan Adam suke rufe ido idan abokansu ne suke zalunci. Duk da haka, wuraren saɓanin kaɗan ne idan aka gwada su da wuraren da babu gardama. Malaman usulu sun daɗe da bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, wasu suka ƙara mutunci. Kowane ɗalibin Islamiyya ya ji labarin Bamisiren da ɗan gwamna Amru ɗan Asi ya daka, ya yi tattaki har Madina, Halifa Umar ya miƙa masa bulala ya ce ya rama. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya kawo zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, daga harajin da ba shi da tushe zuwa cin hanci a wurin shari'a, a Nurul Albab kuma ya caccaki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Ƙanensa Abdullahi, wanda kabarinsa yake Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkam kan abin da ya wajaba a kan mai mulki. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, matan da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Malamin sibik da ya tsallake duk waɗannan ya fara da Janiba da Niyok shi ne ya ba masu suka makami, domin ya nuna wa yaro cewa adalci baƙo ne a gidansu.

Sai dai a Argungu wannan amsa ba ta wadatar ita kaɗai, kuma wannan ne ya sa nake ganin garin ya fi wurare da yawa dacewa da darasin. Abdullahin Gwandu da muka ambata shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805. Kabawa, magadan Kanta da ya gina Surame a ƙarni na 16, ba su miƙa wuya ba. Sarkinsu Sama'ila Karari ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, kuma Argungu ta zauna tana fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta zai ga makaman wancan zamani da kaburburan sarakuna. Ke nan malamin da yake tsaye gaban aji a Argungu yana kallon jikokin ɓangarorin biyu, da jikokin waɗanda aka kama aka sayar a tsakani. Idan ya ba da tarihin a matsayin labarin masu gaskiya da maɓarnata, ya raba ajinsa biyu. Amma yana da 1934 a hannu, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa, daga nan bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yau, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ana iya tambayar 'yan aji shida: me kowane ɓangare ya haƙura da shi kafin a zauna a tabarma ɗaya? Wa aka nemi ra'ayinsa, wa aka manta? Shi kansa bikin yana ɗauke da ma'anar daidaito fiye da kowane babi na littafin sibik. A kogin Matan Fada ba a shiga ruwa sai Sarkin Ruwa ya yi nasa aikin an ba da alama, sannan dubban masunta su ruga tare, kowa da homarsa da gorarsa. Wani zai fito da giwar ruwa, wani ya fito hannu rabbana, ba wanda yake kiran wannan zalunci. Zalunci shi ne a bar wani ya riga shiga, ko a taɓa ma'auni. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci cewa daidaito a aji bai hana wani ya zo na ɗaya ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko yawo a bakin iyaye da malamai: in ka gaya wa yaro yana da haƙƙi, gobe zai ɗaga maka murya. Suna kawo misalin ƙasashen da ake cewa yaro yana kira wa ubansa 'yan sanda. Abin da ba a cika sani ba shi ne Afirka ta riga ta yi wannan muhawara ta kuma rubuta matsayinta. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990, a sashe na 31, ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyaye da manya da taimaka musu, kamar yadda yarjejeniyar Banjul ta 1981 ta haɗa haƙƙi da wajibi. Musulmi ma bai san haƙƙi mai gefe ɗaya ba: akwai na iyaye a kan 'ya'ya, akwai na 'ya'ya a kan iyaye, tun daga zaɓen suna mai kyau. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce ko abin da muke kira ladabi a makarantunmu ladabi ne ko tsoro. Ana gane bambancin idan malami ya fita daga aji. Mai ladabi yana nan yadda yake, matsoraci kuwa yana juyawa kan wanda ya fi shi rauni da bulalar da aka gwada a jikinsa. Haka sarkar take tafiya, babban ɗalibi a makarantar kwana yana sa ƙarami wanki da ɗibar ruwa yana cewa shi ma haka aka yi masa. Mafi muni, shirun da muke yabo shi ne mafakar mai lalata. Yarinyar da aka koya wa cewa ba a musa wa babba ko da me ya zo, ba a kuma kai ƙararsa, an kwance mata makami tun kafin ta haɗu da mugu. Dole ta san akwai abin da ko malaminta ba shi da ikon yi mata, ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa da wadda za ta saurare ta a bayan ƙofar.

Game da maza da mata, nan ne ake saurin ɗaga murya, alhali abin da aji yake buƙata ƙanƙane ne. Ba a nemi malamin firamare ya warware mas'alar gado ba. An nemi ya kira Hauwa'u ta fito allo a darasin lissafi kamar yadda yake kiran Bello, ya raba shara da adalci, ya bi sawun yarinyar da talla ta ɗauke ranar kasuwa kamar yadda zai bi sawun yaron da aka tura fadama korar tsuntsaye daga shinkafa. Makarantar da ba ta da makewayin mata ta riga ta sallami rabin 'yan matanta ranar da suka balaga, ko ba ta rubuta takarda ba.

Ƙorafi na uku shi ne mai nauyi, kuma ba ni da niyyar raina shi. Ana cewa wane irin haƙƙi za a koyar a ajin da iska ta yaye rufinsa, ko a jihar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yunin 2021 suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji? A fara da tsaro da rufi da albashi, in ji su, sauran ya biyo baya. Gaskiya ne gwamnatin da ta kasa tsare ran yaro ba ta da bakin yi masa lacca kan haƙƙin rayuwa. Gaskiya ne kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi alƙawarin shekara tara kyauta kuma dole, amma tsarin mulki ya ajiye ilimi a sashe na 18, cikin babin manufofin da ba a kai gwamnati kotu a kansu, har sai da ƙungiyar SERAP ta je kotun ECOWAS ta samo hukunci a 2010 cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema. To amma wa zai matsa a gyara rufin? Al'ummar da take ganin ajin da aka gina alheri ne daga mai girma ɗan majalisa za ta yi godiya da kiɗa, in ya rushe ta jira wani zaɓen. Wadda ta san kuɗinta ne za ta tambayi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, inda kwangilar ta tsaya. Wannan sanin daga wani wuri yake farawa, kuma babu wurin da ya fi tara 'ya'yan talakawa wuri guda kamar firamare. Ƙari a kan haka, mafi yawan abin da ake nema a nan ba ya cin ko kwabo. Zaɓen monita da ƙuri'a kowane zango, juya zaman benci mako-mako, sauraron yaro kafin hukunci, dokokin aji da aka rubuta tare da ɗalibai da Hausa aka manna a bango, malama guda da 'yan mata suka san za su iya zuwa wurinta a asirce: babu ɗaya da yake jiran kasafin kuɗi.

Argungu tana da misalin yadda ake shigar da abin da mutane suke zargi. Bayan ƙauracewa rigakafin shan inna da ta faro a 2003, aka ga cewa likitoci da motocin shela ba za su iya su kaɗai ba, sai sarakuna suka shiga, kuma Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera yana cikin na gaba-gaba a kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka bi gida-gida, wasu suka ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Darasin haƙƙi zai samu karɓuwa ta irin wannan hanya, idan limamin unguwa da iyaye mata da mai unguwa suna zaune a kwamitin kula da makaranta suna ganin abin da ake koyarwa, maimakon su ji labarinsa a bakin mai tsegumi.

Ragowar nauyin yana kan malami, kuma a nan ne na fi shakka. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wanda gobe zai riƙe aji, shi ma a ƙarƙashin tsumagiya ya tashi, kuma zai shiga aikin da ƙarin girma yake makara, canjin wurin aiki yake bin sanayya. Mutumin da ba a taɓa sauraronsa ba da wuya ya iya sauraron yara saba'in a ɗaki mai zafi. Idan ana so ya canza, sai an gwada masa a kwaleji yadda ake riƙe babban aji ba da duka ba, a kuma duba wannan lokacin koyon aikin koyarwa kamar yadda ake duba tsarin darasinsa. Sannan akwai yaran da duk wannan magana ba ta kai gare su ba: almajirin da yake leƙe ta taga da robarsa, ɗan Fulanin da yake bin shanu, ɗan Sarkawan da iyayensa suke bin ruwa daga Rima zuwa Kwara. An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, an kuma kafa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Kafin waɗannan hukumomi su iso, ɗaliban aji suna iya yin abin da wasu kwamitocin makarantu suke yi da manya: su ƙirga sa'o'insu na unguwa da ba sa zuwa, su tambayi dalili, su kai sunayen ga hedimasta da mai unguwa a farkon zango, su kuma koma su tambayi abin da aka yi a ƙarshensa.